Gfortran da tsawon rikodi: inda take tare ka da inda take sakin ka

Gfortran ita ce kompailar harshen Fortran da ke cikin tarin GCC, wato manhajar da ke mayar da rubutun furogiram zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar. Ta fito tare da GCC 4.0 a shekarar 2005, inda ta gaji tsohuwar g77, kuma har yau kyauta ake samun ta: a Linux daga ma'ajiyar manhajoji, a macOS ta Homebrew, a Windows kuma ta MinGW-w64 ko MSYS2. Ɓangare ɗaya kawai na aikinta za a duba a nan, wato yadda take tantance tsawon rikodi (kason bayanan da ake rubutawa ko karantawa a tashi ɗaya) a cikin fayil, musamman idan an rubuta fayil ɗin a wata kwamfuta aka kawo shi wata. Hukuncin da na yanke shi ne gfortran ba ta da wasa wajen hana ka ƙetare tsawon da kai ka faɗa mata, amma ba ta juyawa ta tambayi fayil ɗin ko abin da ka faɗa haka yake. Wanda ya san haka zai yi aiki da ita hankali kwance. Wanda bai sani ba kuwa yana iya shafe makonni yana lissafi da gurɓatattun lambobi ba a ce masa uffan ba.

Lokacin da ake harhaɗa furogiram, kompaila ba ta ga fayil ɗinka ba, wataƙila ma ba a ƙirƙire shi ba tukuna. Iyakar abin da za ta duba a umarnin OPEN, wanda ke buɗe fayil, shi ne ko RECL, wato tsawon rikodin da ka faɗa mata, cikakkiyar lamba ce, da ko kalmomin da ka sa suna cikin waɗanda ta sani. Zaɓin -Wall yana jan kunne kan rubutu mai shakku, -fcheck=all kuma yana kama ƙetare iyakar jeri da makamantansa, sai dai babu ɗayansu da ya shafi tsawon rikodi. Duk tantancewar tana faruwa ne yayin da furogiram ke gudana, kuma laburaren libgfortran ne ke yin ta. Don haka duk inda aka ce gfortran ta kama kuskure a wannan sharhi, laburaren ake nufi.

Shi kuma laburaren, iyakarsa abin da babbar manhajar kwamfuta, irin su Linux ko Windows, ta miƙa masa. A z/OS na manyan injinan IBM, kowane fayil yana tafe da shaidarsa: RECFM ya faɗi ko rikodin duk tsawonsu ɗaya ko sun bambanta, LRECL ya faɗi tsawon, BLKSIZE ya faɗi girman dunƙulen da ake ajiye su. Furogiram ɗin COBOL da ya ce rikodinsa bayit 80 ne alhali LRECL ya ce 100, tun a bakin ƙofa ake tare shi, OPEN ya dawo da lambar matsayi 39. OpenVMS ma haka, sashenta na RMS yana ajiye nau'in rikodi da girmansa cikin bayanan fayil. Linux da macOS da Windows ba su san wani abu wai shi rikodi ba. A wurinsu fayil jerin bayit ne kurum, mai suna da girma da ranar da aka taɓa shi. Babu inda aka rubuta cewa bayit 400 na farko abu guda ne. A kan waɗannan ukun mafi yawan mutane ke amfani da gfortran, don haka ba ta da wanda za ta tambaya. Uzuri ne na gaskiya, amma akwai wurare biyu da abin dubawa yake a tafin hannunta ba ta duba ba, kuma a nan ƙorafina yake.

A fara da fayil na shiga kai tsaye, wanda ake buɗewa da ACCESS='DIRECT' da FORM='UNFORMATTED', wato ɗanyen fayil da ke ajiye lambobi a matsayin bayit, ba a rubuce da haruffa ba. Babu wani ɓoyayyen abu a tsarinsa: ba shi da kai, babu alama tsakanin rikodi da rikodi. Idan RECL 400 ne, rikodi na ɗaya yana farawa daga bayit na 0, na biyu daga 400, na goma daga 3,600. A cire ɗaya daga lambar rikodi a ninka da RECL, shi ke nan. Abin da gfortran ke tsarewa a nan tana tsare shi da kyau. Ka manta da RECL gaba ɗaya, ko ka ba shi lamba ƙasa da sifili, OPEN ba zai wuce ba. Ka nemi cusa bayit 404 a rikodi mai 400, ta tsaya da saƙon "Write exceeds length of DIRECT access record". Ka nemi karanta fiye da 400, ta ce "I/O past end of record on unformatted file". Ka nemi rikodi na 2,000 a fayil mai rikodi 1,000, ta ce "Non-existing record number". Saƙonnin a fili suke, suna zuwa da lambar layin da abin ya faru, da lambar yunit, da sunan fayil, kuma idan ka sa IOSTAT (lambar kuskure) da IOMSG (saƙonsa) za ka karɓe su a hannu maimakon furogiram ya mutu. Idan ka rubuta ƙasa da RECL tana cike ragowar da sifili, ko da yake ƙa'idar Fortran ba ta yi wannan alkawarin ba, don haka kada a gina komai a kansa.

To ga inda take sakin mutum. A ce fayil yana da rikodi 1,000, kowanne lambobi 100 masu bayit hurhuɗu, jimilla bayit 400,000. Mai karantawa ya zaci akwai alamomin tsawo a ciki, ya ƙara 8, ya buɗe da RECL=408. OPEN zai wuce lafiya. Rikodi na farko zai fito daidai, abin da ke sa mutum ya saki jiki. Na biyu zai fara daga bayit na 408, wato ya tsallake lambobi biyu na farko ya aro biyu daga rikodi na uku. Na uku ya zame da huɗu, na huɗu da shida, har a rikodi na 51 zamewar ta cika rikodi guda, abin da ka karanta ainihin na 52 ne. Tunda 8 tana rabuwa da 4, kowace lamba tana fitowa da kyakkyawar siffarta, babu wata mahaukaciyar lamba da za ta ja hankalinka. Wurin zamansu ne kawai ya canza. A ƙarshe rikodi na 981 yana farawa daga bayit na 399,840, saura bayit 160 kacal a fayil. Tunda farkonsa yana cikin fayil, ba a ce babu shi ba. Gfortran tana iya ɗaukar lambobi 40 da ta samu ta dawo shiru, sauran gurabe 60 su ci gaba da riƙe abin da ke cikinsu tun karatun baya. Rabawa guda ɗaya tak a lokacin OPEN za ta nuna cewa 400,000 ba ta rabuwa da 408, kuma girman fayil abu ne da kowace babbar manhaja ke bayarwa. Ko gargaɗi ne ya kamata a ce akwai, ko da sai an kunna shi da wani zaɓi.

Rikicin da ya fi yawa a wannan fanni ba daga babbar manhaja yake zuwa ba, daga ma'aunin RECL ne. Ƙa'idar Fortran ta bar wa kowace kompaila ta zaɓi ma'aunin da za ta auna ɗanyen rikodi da shi. Gfortran da bayit take aunawa a ko'ina, Linux ko Windows ko macOS, kuma wannan daidaito yana cikin abubuwan da na fi yaba mata. Kompailar Intel kuwa, ifort da magajiyarta ifx, da dunƙulen bayit huɗu take aunawa sai an hana ta, gadon da ta ɗauko daga Fortran na kamfanin DEC ta hannun Compaq. Tsohon furogiram da aka rubuta don Intel zai ce RECL=100 don waɗancan lambobi 100. Ka harhaɗa shi da gfortran, rikodi ya zama bayit 100, rubutun farko ya faɗi nan take. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne akasinsa: furogiram mai RECL=400 da aka harhaɗa da Intel yana ware bayit 1,600 ga kowane rikodi, ya rubuta 400 ya bar 1,200 na ciko, babu kuskure ko ɗaya, fayil ya tashi bayit 1,600,000. Ka kawo shi wa gfortran da RECL=400 ɗin nan, rikodi na ɗaya ya yi daidai, na biyu da na uku da na huɗu ciko ne zalla, ainihin na biyu sai a lamba ta biyar. Duk lokacin da ka ga fayil ya ninka girman da kake tsammani sau huɗu cif, kada ka nemi dalili da nisa. Maganinsa a ɓangaren Intel shi ne -assume byterecl a Linux ko /assume:byterecl a Windows.

Hanyar da ta fi kowacce ita ce kada ka rubuta lambar RECL da hannunka sam. Tun Fortran 90 akwai umarnin da ke tambayar kompaila tsawon da kanta:

INQUIRE(IOLENGTH=tsawo) jeri

Sai ka sa RECL=tsawo. Gfortran za ta ba da 400, Intel ta ba da 100, fayil ɗin da za su fitar kuma girmansu ɗaya. Mai son sanin ma'aunin ƙarara ya duba FILE_STORAGE_SIZE a cikin ISO_FORTRAN_ENV, a gfortran 8 ne, wato bit takwas. Kada a maye gurbin IOLENGTH da STORAGE_SIZE. Nau'in da ka ƙera mai cikakkiyar lamba ta bayit 4 da lamba mai ɗigo ta bayit 8 yana cin bayit 16 a ƙwaƙwalwar injin x86-64 saboda cikon da ake sawa tsakaninsu, amma gfortran sashe-sashe take rubuta shi, bayit 12 ne ke shiga fayil. A kuma lura da zaɓuɓɓukan da ke canza girman lambobi a ɓoye. Da -fdefault-real-8 lambobin nan 100 sun koma bayit 800, DOUBLE PRECISION kuma ya haura zuwa bayit 16 muddin ba a haɗa da -fdefault-double-8 ba. IOLENGTH zai bi sabon girman da gaskiya, amma tsohon fayil da ke kan faifai bai san an yi canji ba.

Ɗanyen fayil na bi-da-bi, wanda ake karanta rikodinsa ɗaya bayan ɗaya, ya fi wannan abin dubawa, domin a nan gfortran da kanta take ƙirƙiro abin da babbar manhaja ba ta bayar ba. Kowane WRITE yana fitar da rikodi ɗaya, da alamar tsawo mai bayit 4 a gabansa da irinta a bayansa. Rubuta cikakkun lambobi uku, 7 da 8 da 9, a injin x86-64, sannan ka leƙa cikin fayil ɗin da xxd ko od -t x1, ko Format-Hex a PowerShell. Ga abin da za ka gani:

0c 00 00 00 07 00 00 00 08 00 00 00 09 00 00 00 0c 00 00 00

Bayit 20 ke nan: 12 na bayanai, 8 na alamomi, kuma 0c ɗin nan ita ce 12 a ƙidayar goma sha shida. Alamar baya ita ce BACKSPACE ke karantawa don ya san nisan da zai ja da baya. Alamomin suna da nauyinsu: wanda ya rubuta lamba ɗaya-ɗaya sau miliyan a cikin zagaye zai tashi da fayil mai bayit 12,000,000, kashi biyu cikin uku alamomi ne. Rikodin da ya haura bayit 2,147,483,639 kuma ana yanka shi gutsure-gutsure, a mayar da alamar gaba ƙasa da sifili don nuna akwai ci gaba, ta baya ma haka don nuna akwai wanda ya gabata. Tsarin ya yi daidai da na Intel, kuma iri ɗaya ne a Linux da Windows da macOS, shi ya sa irin wannan fayil ke yawo tsakaninsu ba tare da tangarɗa ba. A wannan gfortran ta cancanci yabo.

Da alamar gaba take tantancewa. Ka nemi fiye da abin da alamar ta ce, ta tsaya da saƙon ƙetare ƙarshen rikodi, IOSTAT ya zama 5016. Ka nemi ƙasa da haka, ta ba ka abin da ka nema ta tsallake ragowar, wanda halal ne a ƙa'ida kuma yana da amfani. Fayil ya yanke a tsakiyar bayanan da kake karantawa, ta ce "Unformatted file structure has been corrupted". Amma idan tana karatu gaba, alamar baya tsallake ta kawai take yi, ba ta gwada ta da ta gaba. Wannan shi ne wuri na biyu, kuma ya fi na farko ciwo, domin tsawon a rubuce yake sau biyu a cikin fayil ɗin, bayit huɗu ne kawai za a karanta a kwatanta.

Dubi abin da wannan ke jawowa idan fayil ya fito daga injin da ke sa babban bayit a gaba, irin SPARC ko POWER mai AIX. Alamar rikodin nan za ta kasance 00 00 00 0c. Injin x86-64, ko ARM irin na kwamfutocin Apple na yanzu, zai karanta ta a matsayin 201,326,592. Ka nemi lambobi uku, bayit 12, ai ba su kai miliyan 201 ba, don haka READ ya wuce, IOSTAT sifili, ka samu 117,440,512 da 134,217,728 da 150,994,944 maimakon 7 da 8 da 9. Daga nan ta yi tsalle don kaiwa ƙarshen rikodin da ta zata, ta faɗa can bayan ƙarshen fayil. READ na biyu ya ce "End of file". Furogiram ɗin da aka tsara ya yi ta karatu har fayil ya ƙare zai ɗauka rikodi ɗaya ne a ciki, ya rufe ya ci gaba da aikinsa. Kayan gyara kuwa gfortran tana da su wadatattu: CONVERT='BIG_ENDIAN' a cikin OPEN don fayil guda, -fconvert=big-endian don furogiram duka, ko GFORTRAN_CONVERT_UNIT='big_endian:10' a muhallin aiki ba tare da an sake harhaɗawa ba. Abu biyu ne ke kayar da mutane a nan. Zaɓin -fconvert ba ya aiki sai an sa shi wajen harhaɗa babban furogiram, sa shi a ƙaramin sashe kaɗai ɓata lokaci ne. Sannan abin da ke muhallin aiki yana danne CONVERT na cikin OPEN, don haka tsohon saiti da aka manta a wani asusu yana iya juya fayil ɗin da rubutunka ya faɗi daidai.

Tsofaffin fayiloli ma suna da tasu. GCC 4.0 da 4.1 a injuna masu bit 64 alamar bayit 8 suke sawa, sai daga 4.2 aka tsaya a kan 4. Ka karanta irin wannan fayil da gfortran ta yau, za ta ɗauki rabin alamar na farko ta ga 12, daidai. Rabi na biyu, sifili huɗu, ya zama lambarka ta farko: ka samu 0, 7, 8. Ta tsallake 9 a zaton alamar baya ce, ta sauka daidai kan ainihin alamar baya, ta sake ganin 12, READ na biyu ya ba ka 0, 12, 0, shi ma babu kuskure. Sai a na uku abin ke watsewa, lokacin da ta ɗauki wata lamba daga cikin bayananka a matsayin tsawo. Akwai -frecord-marker=8 don karanta su, amma furogiram duka yake shafa, ba za ka karanta da 8 ka rubuta da 4 a gudu ɗaya ba. Haka nan tura ɗanyen fayil ta FTP a yanayin rubutu daga Linux zuwa Windows yana sa 0d a gaban kowane 0a. Rikodi mai bayit 10 alamarsa da 0a take farawa, sai ta koma 0d 0a 00 00, wato 2,573. Wannan kam babu zaɓin da ke gyara shi, a sake turowa a yanayin binary.

Fayilolin rubutu sun fi sauƙi, kuma a nan bambancin babbar manhaja ya fi fitowa fili. Linux da macOS suna rufe layi da bayit ɗaya, LF, Windows da biyu, CR da LF. Gfortran ta MinGW tana rubuta biyun, ta Linux ɗaya, kuma a karatun bi-da-bi tana karɓar kowanne, ba ta barin CR ya maƙale a jelar bayanai. Wannan ya rage wahala sosai. Tarkon yana wajen masu buɗe fayil ɗin rubutu da ACCESS='DIRECT' don su yi tsalle zuwa layin da suke so. Layi mai harafi 80 yana buƙatar RECL=81 idan an rubuta shi a Linux, 82 idan a Windows, ita kuwa gfortran idan ita ta rubuta fayil na kai tsaye ba ta sa alamar ƙarshen layi ko kaɗan, 80 ne cif. Ka buɗe na Windows da 81, kowane rikodi ya zame da harafi ɗaya fiye da na gabansa, ginshiƙan lambobi su riƙa cin juna. Saitin core.autocrlf na Git yana iya yin wannan canjin ba ka sani ba, haka ma editan da ke share sararin ƙarshen layi. Alamar BOM da wasu editocin Windows ke sawa a farkon fayil ɗin UTF-8 bayit 3 ce, tana ture komai gaba. Sannan gurbin CHARACTER na yau da kullum bayit yake ƙirgawa: ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne a UTF-8, don haka kalma mai haruffa goma da ƙ guda a cikinta ba za ta shiga gurbi mai tsawon 10 ba.

Gajeren layi kuwa ba kuskure ba ne a wurinta, domin ƙa'ida ta ce PAD='YES' sai an ce a'a. Layin da ya gaza ana cike shi da sarari, sarari kuma a gurbin lamba sifili ne. Ginshiƙin ƙarshe da ya ɓace zai fito 0.0 lafiya lau. Sa PAD='NO' a OPEN yana mayar da shi kuskuren ƙarshen rikodi, kuma ina ganin duk mai karanta fayil mai ƙayyadaddun ginshiƙai ya kamata ya sa shi. Dogon layi ana ɗaukar abin da FORMAT ya nema a watsar da saura; mai son ainihin tsawon ya karanta da ADVANCE='NO' da SIZE. Wajen rubutu da alamar tauraro a madadin FORMAT, Intel tana karya layi a harafi 80 sai an sa -no-wrap-margin, gfortran kuwa tana zuba shi layi ɗaya komai tsawonsa, kuma tun GCC 8 saitin GFORTRAN_DEFAULT_RECL, wanda a da ke iya ƙayyade tsawon layin, ya daina aiki.

Fayil mai rikodi masu bambancin tsawo daga z/OS gfortran ba ta san shi ba. Alamarsa, RDW, ita ma bayit 4 ce, amma biyun farko ne ke ɗauke da tsawo, babban bayit a gaba, tsawon ya haɗa da ita RDW ɗin kanta, kuma babu ta baya. FTP a yanayin binary ma cire ta yake yi sai an ba da umarnin quote site rdw kafin saukewa, in ba haka ba iyakokin rikodin sun tafi har abada.

Abin da ya ceci gfortran a duk waɗannan shi ne ACCESS='STREAM' na Fortran 2003, wanda take goyon baya tun 4.2, kuma yana aiki iri ɗaya a ko'ina. Da shi za ka gina tantancewar da ta rasa cikin layuka kamar ashirin. Ga fayil na kai tsaye, tambayi girmansa da SIZE a cikin INQUIRE, cikin gurbi mai nau'in INT64 don kada fayil da ya haura gigabayit 2 ya ambaliya, ka raba da RECL, in da saura ka tsaya. Wannan ba zai kama RECL=500 ko fayil ɗin Intel mai ninki huɗu ba, tunda duk suna rabuwa, don haka a gwada adadin rikodin da wanda ake tsammani. Ga na bi-da-bi, buɗe shi a matsayin STREAM, fara daga POS=1, karanta lamba mai INT32, ɗauki girmanta ba tare da alamar ragi ba, ka kira shi n. Idan p shi ne matsayin da rikodin ya fara, alamar baya tana matsayi na p+4+n, rikodi na gaba a p+8+n. Duk inda biyun suka saɓa, fayil ya lalace daga nan, kuma ka san bayit ɗin da abin ya fara. A ƙarshe p ya zama girman fayil da ɗaya. Idan alamar farko ta fi fayil ɗin kansa girma, juya bayit huɗun ka sake gwadawa. Idan bayit na 5 zuwa na 8 duk sifili ne kuma ta bayan ta bayyana bayan bayit 8+n, alamar bayit 8 ce.

Ga mai aikin da fayilolinsa shi ke rubutawa shi ke karantawa, gfortran ta isa har da ƙari: ma'auninta ɗaya a ko'ina, saƙonninta a fili, tsarin alamominta a rubuce yake cikin littafin jagorarta. Ga wanda ke karɓar fayiloli daga hannaye daban-daban, ita ma ta dace, amma da sharaɗin ya ɗora waɗancan gwaje-gwajen a gaban kowane OPEN. Wanda bayanansa za su daɗe suna yawo tsakanin cibiyoyi kuwa ya duba netCDF ko HDF5, waɗanda ke ajiye girma da nau'i da jerin bayit a cikin fayil ɗin kansa. In kuwa dole sai ɗanyen fayil, a yi masa kai da hannu: haruffa huɗu na shaida, lambar sigar tsari, cikakkiyar lamba 1 wadda za ta fito 16,777,216 idan jerin bayit ya juye, tsawon rikodi a bayit, da adadin rikodi, duk da nau'in INT32 ko INT64 da aka ambata ƙarara. A fayil na kai tsaye kan nan ya cinye rikodi na ɗaya gaba ɗayansa, bayanai su fara daga na biyu. Mai karantawa ya fara buɗewa da STREAM ya ɗauki tsawon daga kan, ya rufe, ya raba shi da ma'aunin da FILE_STORAGE_SIZE ya nuna bayan ya mayar da shi daga bit zuwa bayit, sannan ya sake buɗewa da ACCESS='DIRECT' da RECL ɗin da fayil ɗin ya faɗa da kansa.